Kowane Lauya da Mai Ƙarar da Ke Ciyar da Shi

Da za a tara mutanen zango, tun daga Didawure ta Sokode har Dapaong, a ce kowa ya faɗi sana'ar da ya fi zargi, lauya ba zai sauka daga ukun farko ba. Dillalin fili da mai gyaran babur ne kaɗai za su iya ja da shi. Zargin kuwa iri ɗaya ne ko'ina: yana cin kuɗi, yana jan lokaci, yana magana da yaren da ba a ji. Duka ukun da ƙamshin gaskiya. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne lauyan shari'ar dukiya, mai tsaya wa mutane a rigimar fili da bashi da gado da haya, ba daga sama ya faɗo da halinsa ba. Sana'a yake yi, mai sana'a kuwa abin da ake nema yake kasawa. Duk irin lauyan da ka gani a farfajiyar kotu wuyansa na kauri, ka waiga, akwai irin mai ƙarar da ke ciyar da shi, kuma rashin adalci ne a yi dariyar ɗaya a ƙyale ɗayan.

Sai an san shimfiɗar ƙasar kafin a gane mutanen. Naki-Est ita ce hedikwatar gundumar Kpendjal ta Yamma, a yankin Savanes, can ƙuryar arewacin Togo, inda damina ɗaya ce a shekara kuma arzikin mutum gonarsa ce da dabbobinsa. Wanda rigimarsa ta fi ƙarfin mai gari sai kotu. Babbar kotun yankin tana Dapaong, ta yankin tsakiya kuma tana Sokode. In bai gamsu da hukunci ba, kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne kacal a ƙasar, ta Lome da ta Kara, kuma arewa kaf Kara take zuwa. In nan ma bai gamsu ba sai Kotun Ƙoli a Lome, fiye da kilomita 600 daga Dapaong. Lauyoyin kuwa mafi yawansu ofisoshinsu suna can Lome ɗin, kusa da tashar jiragen ruwa da bankuna da kamfanoni, inda mai ƙara ba sai ya sayar da tunkiya kafin ya biya ba. Harshen kotu Faransanci ne, alhali da Mobanci da Gurmanci da Fulatanci da Kotokolanci da Hausa aka yi rigimar tun farko. Sannan tsarin da Togo ta gada daga Faransa, a shari'ar dukiya, na takarda ne: lauya ya rubuta hujjarsa ya miƙa wa abokin hamayya, shi ma ya rubuto amsa, alƙali ya kwashi dosiye, wato kundin takardun, ya je ya karanta. Babu hular gashi irin ta lauyoyin Gana da Najeriya, baƙar riga ce da ɗan farin ƙyalle a wuya. Nisa da baƙon harshe da takarda, a nan duk waɗanda za a ambata suke kiwo.

Dattijonsu duka shi ne Metir Sai-Wani-Watan, Metir kuwa laƙabin lauya ne a can. Aikinsa a zauren kotu bai wuce minti guda ba. Magatakarda ya kira ƙara, ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya roƙi kotu ta ɗage zama domin takardun abokin hamayya ba su iso shi a kan lokaci ba. Wata mai zuwa sun iso, amma yana bukatar lokacin amsawa. Na bayansa ya amsa, sai dai ya gano cewa ba wannan kotun ce ke da hurumi ba. Da an warware wannan sai ya nemi a tura ma'aunin fili ya duba iyaka, shi kuwa ma'auni ba ya ɗaga ƙafa sai an biya shi, kuma hanyar ƙauyen ba ta biyuwa sai ruwa ya ɗauke. Ana cikin haka hutun kotu na shekara ya shigo, bayan hutu an yi wa alƙali canjin wurin aiki, sabon alƙali kuma dole ya fara karatun dosiye daga bismillah. Kowa na tsine wa wannan lauya, amma a tambayi wanda ke biyansa. Mutumin da ke zaune a kan gonar da ake rigima a kanta ba ya gaggawar hukunci, domin duk ɗagewar da ta haye watan Yuni damina guda ce ta masara ta shiga rumbunsa. Wanda ake bi jaka ɗari biyar yana juya kuɗin a kasuwar Sinkase, kuma abin da suke haifa masa a wata ya fi abin da yake miƙa wa Metir. Lokaci ya je saye, ya kuma sami mai sayarwa. A majalisar bayan la'asar kuwa shi ne ya fi kowa ɗaga murya cewa kotunan ƙasar nan ba sa aiki.

Kishiyarsa a hali shi ne Metir Tsawa, kuma masu ƙara ne suka ƙera shi da hannunsu. Mutum ya sayar da sa, ya kwaso ƙanne da surukai a babura tun asuba daga Naki-Est, ya jera su a benci. In lauyansa ya miƙe ya ce ya dogara da abin da ya rubuta, ya koma ya zauna, ranar ba za a ci tuwo da daɗi a gidan ba: an ba da sa, an karɓi jimla ɗaya. Metir Tsawa ya san haka sarai. Shi ya sa yake tsayawa rabin jikinsa ga alƙali rabi ga benci, ya bugi tebur, ya jefa Latin biyu ko uku, ya nuna abokin hamayya da yatsa har sai ya sunkuyar da kai. Alƙali, wanda ya san da abin da ke cikin takarda zai yanke hukunci, yana satar kallon agogo. Tafinta ya saurari jawabin minti ashirin, ya juyo ya ce, “Ya ce filin naka ne.” Dangi su koma gida suna ba da labarin yadda Metir ya wanke mutumin tas. Bayan wata biyu hukunci ya fito, an kori ƙarar, saboda da sunan wanda ba shi da ikon shigarwa aka shigar da ita, ko saboda wata takarda da aka manta, wadda tsawa ba ta maye gurbinta. Ba mai ganin laifin Metir, ai kowa ya ji da kunnensa. Fina-finan Kano da na Legas, inda lauya ke tsare shaida da tambaya har ya fashe da kuka ya tona kansa, sun ƙara wa wannan kasuwa armashi, alhali ko can ba haka ake wuni a kotu ba.

Sai Metir Mun-Ci, wanda a bakinsa bai taɓa faɗuwa shari'a ba. Kafin ka kai rabin labarinka ya ɗaga hannu ya ce wannan ai wasan yara ne. Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, shi kuwa tun ranar farko ya raɗa wa jaririn suna ya karɓi kuɗin rago. Ƙa'idar sana'ar ba ta ɗora wa lauya nasara ba, ƙoƙari ta ɗora masa, don haka duk wanda ya rantse maka za a ci, ya yi maka alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. In an faɗi a Dapaong, alƙalin yaro ne, a Kara ake shari'ar manya. In an faɗi a Kara, an saye su, sai Lome. Abin da ba ya gaya maka shi ne Kotun Ƙoli ba za ta zauna ta sake jin kakan wa ya fara sare dajin ba. Dubawa take ko an yi aiki da doka daidai, in ma ta rushe hukuncin, sau da yawa mayar da ƙarar take a sake ta, wato ka yi tafiyar kilomita ɗaruruwa don a ba ka izinin komawa baya. Abokin cinikinsa shi ne Alhaji Ko-Nawa-Ne, mai shari'a a kan taku uku tsakanin katangarsa da ta maƙwabci, wanda ya riga ya kashe abin da zai sayi fili biyu a bakin titi. Ka zauna ka yi masa lissafi, sai ya ce ba maganar fili ba ce, raini ne ba ya ɗauka. Raini da ciwo, ba musu, sai dai kotu ba ta da awon raini, mita take aunawa. Irin wannan Alhaji in ya rasu, 'ya'yansa su gaji gida da shago da dosiye, kuma dosiyen ne kaɗai ba a faɗa a kan wanda zai ɗauka.

Akwai kuma babban suna daga Lome, Metir Ina-Hanya, wanda muryarsa a waya aka fi sani. Mai ɗaukarsa mutum ne da abin da ya fi so a duniya shi ne a ce a zango, “Daga Lome fa ya ɗauko lauya.” Ya biya kuɗin aiki, ya biya na mota, ya biya na masauki. Ranar zama sai ga wani saurayi ya sauko daga motar dare, rigar kotu a naɗe cikin jaka, idonsa ja domin da fitilar waya ya karanta dosiyen tsakanin Atakpame da Sokode. Mai ƙara ya ji an ci amanarsa. Ni kam a nan ina bayan saurayin. Dokar bai ɗaya ta 2014 ta ƙasashen ƙungiyar UEMOA ta yammacin Afirka ta sa wanda zai zama lauya ya yi digiri na biyu a doka, ya ci jarrabawar sana'a, sannan ya yi shekara uku yana koyon aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, kuma wannan ɗan koyo, da yunwarsa da tsoron jin kunya gaban alƙali, sau da yawa shi kaɗai ne ya bi takardun daga farko har ƙarshe. Laifin uban gidansa shi ne karɓar kuɗin zuwan da ya san ba zai yi ba, alhali kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Laifin mai ƙara kuwa, suna ya saya bai tambayi wa zai tsaya ba.

Wanda ya fi su duka haɗari ba ma lauya ba ne. Yana zaune a inuwa daura da ƙofar kotu, jakar fata a cinya, alƙaluma uku a aljihu, wayoyi biyu a hannu, yana gai da kowane ma'aikaci da sunansa da ƙarfi don baƙo ya ji. Yakan gane sabon zuwa daga yadda yake riƙe sammaci da hannu biyu. “Baba, kada ka ɓata kuɗinka wurin lauya, alƙalin nan tare muka yi makaranta.” Zai karɓi na alƙali, na magatakarda, na mai buga takarda, na man babur. In an ci, aikinsa ne. In an faɗi, ɗaya ɓangaren ya fi bayarwa. Gwanin cikinsu daga ɓangarorin biyu yake karɓa, bai kai wa kowa ko dala ba, ya jira hukunci, ya mayar wa wanda ya faɗi rabin kuɗinsa, ya fita da sunan mai amana. Ba almara ba ce: a 2021 shugaban Kotun Ƙoli na lokacin, Abdoulaye Yaya, ya fito fili ya koka da waɗannan dillalai da alƙalan da ke hulɗa da su. Lauya na gaske an hana shi farautar masu ƙara, sunansa yana cikin jerin ƙungiyar lauyoyi, in kuma ya ci amana ko ya tsawwala kuɗi ana kai kukansa gaban shugaban ƙungiyar. Na gindin bishiya babu inda za a kai shi, domin mai kai kukan sai ya fara da cewa shi ya ba da kuɗi a kai wa alƙali. Da babu mai neman ƙofar baya, da mutumin nan ya koma sayar da katin waya. Yana da ƙane mara mugunta, ɗan yaya da ya yi shekara guda a sashen doka na Jami'ar Kara, wanda dangi suka naɗa Metir tun sakamakon jarrabawa bai fito ba. Shi ba ya cin kuɗin kowa, shari'ar kawai yake ɓatawa, kyauta.

Lauyan siyasa ba sai an daɗe a kansa ba. Togo ta ga lauyoyin da suka tsaya wa haƙƙin ɗan Adam lokacin da hakan ke iya kai mutum kurkuku: Joseph Kokou Koffigoh, wanda taron ƙasa na 1991 ya zaɓa firaminista, da Yawovi Agboyibo, wanda ya riƙe wannan kujera daga 2006 zuwa 2007, dukansu sun shugabanci ƙungiyar lauyoyi. Masu kwaikwayonsu ne abin kallo. Dosiyenka na bashin masara yana shan ƙura a kan tebur, Metir yana gidan rediyo yana gyara tsarin mulki. Wanda ya ɗauke shi kuma bai damu ba, lissafinsa shi ne ranar da Metir ya zama minista zai tuna da shi.

Wanda 'yan kasuwar zango suka fi jin haushi shi ne Metir Ina-Takarda, kuma a nan maganar ta fi nauyi. Kakanninsu sun yi fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, ta Mango da ƙasar Kotokoli, a kan amana da shaidar mai masauki, kuma har gobe ana ba da shanu da atamfa da hatsi bashi da musafaha kawai. Alhaji ya shigo ofis da baƙar leda ya zazzage a tebur: rasit ɗin siminti da ruwa ya taɓa, tsohon katin zaɓe, bayan kwalin shayi mai ɗauke da lissafi da ajami, hoton ɗaurin auren da wanda ake bi ya fito a gefe yana dariya, da takardar sayen fili mai sa hannun mutum uku, biyu sun rasu, na ukun shi ake ƙara. Lauya ya juya su ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Alhaji, ina inda ya yarda ana bin sa?” Alhaji ya ce ai duk kasuwa ta sani. Malalacin lauya a nan yake tsayawa. Mai ƙwazo kuwa ya san dokokin kasuwanci na OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993 wadda ƙasashe 17 ke bi, har da Togo da Nijar da Benin da Burkina Faso, sun yarda a kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura, don haka zai ce a miƙo masa wayar ya ga saƙonni da shaidar tura kuɗi. Ya san akwai gajeriyar hanya: in bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacin biya kuma ya yi, ana iya samun umarnin biya daga kotu ba tare da doguwar shari'a ba, wanda ake bi yana da 'yan kwanaki ya ƙalubalanta. Ya kuma san dokar tana da wa'adi. Haƙƙi tsakanin 'yan kasuwa yakan faɗi bayan shekara 5, na cinikin kaya bayan shekara 2, in ba a nema ta hanyar doka ba kuma wanda ake bi bai sake amsa shi ba. Alhajin da ya yi kawaici shekara shida saboda surukuta, kunya ta riga lauya cin kuɗinsa. Haka batun fili. Dokar fili ta 2018 ta ba rajista da takardar mallaka ta gwamnati babban nauyi, domin fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ba baƙon abu ba ne a Togo, shaida ga katangun da aka rubuta wa da fenti cewa ana rigima a kansu. Tambayar “ina takarda” ba rashin kunya ba ce. Ita alƙali zai yi, kuma shi ba zai ba ka shayi ba.

Shi ma lauya yana da nasa kukan, sunan kukan Malam Na-Manta. Wannan ya ba Metir labari tsaf, ya rantse, ya kawo shaidu, ya tsallake abu guda: ya taɓa karɓar rabin kuɗin, ya kuma dangwala yatsa. A zauren kotu lauyansa zai fara ganin takardar, a hannun abokin hamayya. In an fito ya ce bai zaci tana da muhimmanci ba. Doka ta wajabta wa lauya riƙe sirrin wanda ya ɗauke shi, amma Malam ya fi yarda ya gaya wa mai shayin bakin tasha. Lauyan da aka yi wa haka sau uku, a na huɗu ya daina yarda da kowa, ya koma karɓar kuɗinsa gaba ɗaya kafin ya buɗe baki, sai a ce ya cika son kuɗi.

Can gefe akwai wani siriri, motarsa tsohuwa, ba a yi masa kirari. Ya saurare ka har ka gama, ya ɗauki alƙalami ya lissafa kuɗin sammaci da na ma'auni da na mota zuwa Dapaong sau goma da kwanakin noman da za ka rasa, ya ajiye jimlar kusa da darajar abin da kake nema, ya juyo maka da takardar. Sannan ya ce ku je ku sasanta. Zai ma nuna maka hanya: tun 2018 gwamnati ta buɗe gidajen sulhu na shari'a, Dapaong da Sinkase suna cikin na farko, inda ake sasanta ƙananan rigingimu da basussuka ba tare da kuɗin shari'a ba. In kuwa ya ga haƙƙinka a fili yake kuma abokin rigimarka ba ya jin lallashi, zai shigar da ƙara ba hayaniya, ya rubuta shafi huɗu da babu kalmar banza a ciki, ya gaya maka inda kake da rauni kafin wani ya gaya wa alƙali. Sakayyarsa a wurin jama'a ita ce a ce an saye shi, ko a ce matsoraci ne. Mai ƙara ya kwashi ledarsa ya tsallaka titi wurin Metir Mun-Ci. Dalilin ramarsa ke nan, kuma dalilin da ya sa matasan lauyoyi, masu kallon wa ke sauya mota wa ke tura tasa, ba sa ɗokin gadonsa.

Wani zai ce wannan ɗora wa mai rauni laifi ne. Manomin Naki-Est bai yi boko ba, ba ya jin Faransanci, bai san bambancin lauya da dillali ba, ta yaya za a haɗa shi a ma'auni ɗaya da wanda ya yi shekaru yana karatun doka ya kuma yi rantsuwa? Maganar tana da ƙarfi, kuma ban ce laifin daidai yake ba. Wanda ya sani ya fi wanda bai sani ba alhaki, wanda ya yi rantsuwa kuma ya fi kowa. Ita ma hukuma da rabonta: ba mai ƙara ne ya ajiye kotun ɗaukaka ƙara a Kara ba, ba shi ya hana lauyoyi zama a arewa ba, kuma dokar taimakon shari'a ga marasa hali da aka kafa a 2013 ba ta zama abin da talakan ƙauye ke gani da ido ba. Amma a sake duba jerin. Mai sayen lokaci ya san abin da yake saye. Mai ba da kuɗi a kai wa alƙali ya san sunan abin a addininsa da al'adarsa, ba sai an fassara masa ba. Alhaji Ko-Nawa-Ne ya fi Metir iya lissafi. Mutumin da ba a iya cutarsa da dala ɗaya a cinikin sa, wanda zai buɗe bakin dabba ya ƙirga haƙora, shi ne zai miƙa jaka ɗari ba rasit saboda an ce masa “mun ci”. Wannan ba jahilci ba ne zalla, akwai son a ji abin da rai ke so, kuma ɗaukar talaka a matsayin wanda ba ya iya zaɓe ma wani raini ne.

Wani kuma zai ɗauki hanyar da ta fi sauƙi ya ce to a watsar da su duka, ai muna da mai gari da sarkin zango da liman, sun raba faɗa tun kafin Jamus ta kafa bariki a Sokode. Gaskiya ne mafi yawan rigingimu a can suke mutuwa, kuma can ya kamata su mutu: ɓarnar shanu a gona, iyakar da ruwa ya share, bashin da ke tsakanin masu sallah a sahu ɗaya. Amma sulhu yana aiki ne in ɓangarorin biyu suna jin kunyar mutum ɗaya. Banki ba ya jin kunyar liman. Wanda ya zo daga birni da takardar mallaka mai hatimi ba zai tsuguna gaban mai gari ba. Matar da mijinta ya rasu, ƙannensa suka mamaye gona da gida, sau da yawa masu zaman sulhun 'yan uwan masu mamayar ne, alhali dokar iyali ta ƙasa ta ba ta haƙƙi ita da 'ya'yanta mata, dokar fili ta 2018 kuma ta daidaita mace da namiji wajen mallaka. Irin wannan mata lauya take bukata, ko da kuwa lauyar mace ce da surukan za su shigo ofis su tambaye ta ina mai gidan. Sannan tun harin Kpekpakandi na 2022 da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya a Savanes, mutane da yawa a Kpendjal sun bar ƙauyukansu da gonakinsu. Gonar da aka bari ba ta zama ba mai shuka, kuma ranar da masu ita suka dawo, wasu rigingimun za su fi ƙarfin tabarmar mai gari. Lauya na nan tafe, ana so ko ba a so. Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne wane iri za su ciyar.

Saboda haka, kai mai niyyar kai ƙara, kafin ka kwance bakin leda ka tambayi mutumin ko sunansa yana cikin jerin ƙungiyar lauyoyi, ka tambaye shi wa zai tsaya ranar zama, ku rubuta kuɗin aiki a takarda, duk abin da ka miƙa ka karɓi rasit. Ka gaya masa har abin da kake jin kunyar faɗi. In kuma ya dube ka ya ce shari'ar nan ba ta ciwuwa, ka biya shi kuɗin shawararsa kafin ka fita.